Gashina Yana Zubewa Bayan Haihuwa

Tambaya: Anti, wata 4 da haihuwata, gashina sai zubewa yake, gaban goshi har ya fara ƙwalƙwalewa. Me zan yi? Daga wata mai jego a Dutsi.

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Mata da yawa kan yi haka bayan haihuwa, kuma yawanci gashin kan dawo kafin yaro ya shekara. Gaban goshin nan ne ya fi damuna, domin matsattsen kitso ke cinye shi, in abin ya daɗe kuwa ba ya sake tsirowa. Ki ce wa mai kitso ta sassauta hannu, ki dakata da shafa rilaksa. Man kaɗanya zai rage karyewa. Ki yawaita cin zogale, wake, hanta da ƙwai. Kada ki shafa minoxidil kina shayarwa sai da izinin likita. In kina jin jiri, ko kan yana ƙaiƙayi, ki je Babban Asibitin Daura a auna jininki, a duba ko makero ne.