Amsar Tambaya: Motar Jarrabawar Tuƙi

Tambaya: Malam, ko ya halatta in shiga jarrabawar tuƙi da motar yayana?

Amsa: Ya kai ɗan'uwa, ya halatta, gama jami'an VIO da alhakin jarrabawa yake wuyansu lafiyar mota suke dubawa, saboda haka wajibi ne burkinta ya kama da taku ɗaya, fitilu da sigina su kunna, madubai su cika, tayoyi kada su suɗe, takardu da inshora su kasance da sauran wa'adi, alamar L ta mai koyon tuƙi kuma tana manne gaba da baya. Sharaɗi ne motar ta dace da ajin lasisin da kake nema, domin ajin B na ƙananan motoci ne. Ka kai ta wurin bakanike tukuna, rayukan jama'a amana ne. Allah Ya ba da sa'a.