Darasi a kan Auna Labari da Shaidar Ido

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta.

Ɗan'uwa, in zance ya zo kunnenka,
Tambayi wa ya kawo shi, kan ka ɗauka.

Abin da ka gani kai ɗai da idonka,
Kai ya ɗaure, ba ya ɗaure waninka.

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah Ya yi mana dace da ni da kai, yawancin gardamar da ke raba zumunci a zaure daga "an ce" take tasowa. Allah Ya hore mu da bincike kan labarin fasiƙi a Suratul Hujurati, aya ta 6. Don haka malaman hadisi, irin su Imam Buhari (ya rasu shekara ta 256 bayan Hijira) da Imam Muslim (261), ba su kiran hadisi ingantacce sai da sharuɗɗa biyar: isnadi ya sadu, mai ruwaya ya zama adili, ya zama mai kiyayewa, kada ya saɓa wa waɗanda suka fi shi, kada a sami ɓoyayyiyar illa. Lura da na uku. Mutum yana zama mai tsoron Allah amma mai mantuwa, sai a girmama shi, a bar ruwayarsa.

Amma baiti na biyu, misalinsa ganin wata ne. A mazhabar Imam Malik, azumin Ramadan yana tabbata da shaidar adilai biyu, ko taron da ba ya yiwuwa su haɗu kan ƙarya, ko cikar Sha'aban kwana 30. Wanda ya ga jinjirin wata shi kaɗai, azumi ya wajaba a kansa, kuma ya kai shaidarsa ga alƙali, amma ba a ɗora wa gari azumi da ganinsa. Ba a ƙaryata shi ba. Sai dai ido yana ruɗuwa da gajimare.

Haka mafarki da abin da murid ke ji a zuciyarsa lokacin zikiri. Ya kai wa shehinsa, kada ya mai da shi hujja a wurin jayayya, domin ba a gina hukunci a kan mafarki.

To, in ka ce gani ya kori ji, ɗan'uwanka ya ce shi ma ya gani, kada ka yi rantsuwa, kada ka zage shi. Ku tambayi juna: yaushe, a ina, wa ke tare da kai? Wanda ya ce "ban sani ba" ya tsira da addininsa.

Allah ne Mafi sani.