Bayan an watse daga suna

'Ya'yana, ku matso kusa. Akwai maganar da na daɗe ina son yi muku, musamman ku da kuka shiga gidan aure kwanan nan, maza da mata.

Shekarun baya ɗiyar ƙanwata ta kwana biyu tana naƙudar fari. A dare na biyu jijjiga ta kama ta, aka kwashe ta sai asibiti, aka yi mata aiki aka ciro yaro da rai. Ranar suna gida ya cika maƙil. An yanka rago, an yi mata lalle, ta sha sabuwar atamfa, mata na ta shigowa da barka da arziki. Kowa ya karɓi jariri sai ya duba hanci ya ce na wane ne. Da yamma aka kawo ruwan wankan yaro da aka ɗiga wa Dettol. Ina zaune a bakin gado na ga hannun mai jego ya kama rawa, gumi ya keto mata, ta kafe bango da ido. Warin nan ne ya mayar da ita ɗakin tiyata. Ɗaki cike da mata, ba wadda ta lura.

Da aka watse na ce, "Ke fa, yaya jikin?" Ta ce, "Da sauƙi, Inna." Na bari jim kaɗan na ce, "Barci fa?" Sai kuka. Ashe tun da ta dawo, da ta rufe ido sai ta ga fitilar nan a kanta, ta ji muryar da ta daka mata tsawa tana tsakiyar ciwo. Tsoron ɗaukar yaron take yi. Abin da ya fi cin ta kuwa, gani take ta zama mai butulci, tunda Allah ya ba ta ɗa amma ta kasa murna.

Mu muka koya wa 'ya'yanmu dauriya. Muna yabon wadda ta haihu ba a ji ko tarinta ba. Ga kuma kunyar ɗan fari: idan yarinya ta kau da kai daga jaririnta sai mu ce alkunya ce, har mu ji daɗi. Sau da yawa alkunyar ce, amma wani lokaci ciwo ne ya ɓuya a bayanta. Sannan da ta buɗe baki sai mu tare ta da "ai kin tsira da ranki, ki gode wa Allah." Maganar gaskiya ce, sai dai ta kan zama murfin da ke rufe bakin mai ciwo. Ku tuna labarin Nana Maryam a surar da ke ɗauke da sunanta. Zafin naƙuda ya kai ta jikin dabino har ta yi burin da ma ta mutu kafin wannan rana. Ba a tsawata mata ba. An lallashe ta, aka ba ta ruwa da ɗanyen dabino, aka kwantar mata da hankali. Idan zaɓaɓɓiyar mata ta faɗi haka, don me za mu tuhumi imanin 'yar shekara goma sha tara?

Ku san bambanci. Mata da yawa kan yi kuka ba dalili a kwana na uku zuwa na biyar, ya wuce da kansa kafin mako biyu. Wanda ya zarce haka, ga rashin barci ko da yaro ya yi barci, ga ƙin abinci, ga firgita, ga gudun ko hanyar asibitin, shi ne abin dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 kan gamu da ciwon damuwa ko makamancinsa bayan haihuwa. Akwai kuma mai tsanani da kan sami 1 ko 2 cikin 1,000, yawanci a makonni biyun farko: ta rikice, ta riƙa jin muryoyi, ta kasa gane na kusa da ita. A nan ne muke cewa iska ce. Ku yi addu'a, ku yi ruƙiya, amma ranar nan ku kai ta ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano, kuma ana warkewa. In ta ambaci kashe kanta ko cutar da yaron, kada a bar ta ita kaɗai ko na minti ɗaya.

Kai angon ƙarni, ragon suna ba shi ne ƙarshen aikinka ba. Kada ka taɓa lissafa mata kuɗin aiki, kuma kada ka bari wani a danginka ya kira ta raguwa don an yi mata tiyata. Ka nemo wadda za ta riƙe yaro ta samu barci mai tsawo. Ka raka ta wurin likita ya warware mata abin da ya faru, domin da yawa ba su san dalilin da ya sa aka yanka su ba, suna ta ɗora wa kansu laifi. Arba'in ta cika ba ya nufin tsoro ya fita, ka bi ta a sannu. In doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari, ana ɗinke shi a Babbar Ruga ta Katsina, sai ka kai ta da kanka, ka kuma dawo da ita ɗakinta. Wadda kuwa ta rasa jaririn, nono na zuba ba mai sha, ku bar ta ta yi kukanta, ku daina gaggawar cewa wani na tafe.

Ku mata, kakanninmu sun bar mana kwana arba'in na kula da mai jego. Wadda ke yi mata wanka safe da yamma ita ta fi kowa damar jin cikinta. A rage zafin ruwan da yawan kanwa, don tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar masu jego. A ƙara zama da sauraro.

Ɗiyar ƙanwar tawa kuwa, na kwana ɗakinta mako uku, mijinta kuma ya riƙa kai ta ganin likita. Sai da yaro ya yi wata huɗu na ji tana yi masa wasa tana dariya. Bayan shekara uku ta zo ta same ni a tsakar gida ta ce, "Inna, ciki gare ni, kuma tsoro nake ji." Na ɗauki mayafina muka tafi awo tare. Da bakinta ta ba ungozomar labarin daren nan tun daga farko, ita kuwa ta aje biro ta saurare ta har ta gama, sannan ta rubuta a katinta.