Abin da Waya Ɗaya Ta Yi a Ajina, da Inda Ta Gaza

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a yankin Garun Mallam ya san cewa zango na biyu ba irin sauran ba ne. Daga watan Janairu har Maris, idan tumatir ya nuna a Kadawa da Chiromawa da Garun Babba, rijistar aji takan fara ramewa. Yaron da ka gani ranar Litinin ba za ka sake ganinsa ba sai Alhamis, ya dawo hannuwansa sun yi kore da ganyen tumatir, ya zauna yana gyangyaɗi. Wani yana tsinka, wani yana ɗaukar kwando zuwa bakin titi, wani kuma ya bi yayansa kasuwar Kwanar Gafan, inda ake lodin manyan motocin da ke kai kaya Legas. Ba na zargin iyaye. Ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin gwamna Audu Bako, shi ne abincinmu, kuma tumatir ba ya jiran a tashi daga makaranta. In ka bar shi kwana biyu a gona ya lalace.

Ni malamin kimiyya da lissafi ne a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a wannan ƙaramar hukuma. Na rubuta wannan ne saboda abokan aiki da iyayen yara, domin tambayar da ake yawan yi mini ke nan a wurin taro ko bayan sallar Juma'a: "Malam, wai gaskiya ne da waya kake koyarwa?" Gaskiya ne, amma ba yadda ake zato ba.

Dandalin da nake amfani da shi sunansa Nigeria Learning Passport. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce da Asusun UNICEF suka ƙaddamar da shi a watan Maris na 2022, kamfanin Microsoft kuma ya ba da fasahar da aka gina shi a kanta. Tun asali, kafin ya zo Najeriya, an ƙirƙiro shi ne saboda yaran da rikici ya raba da muhallinsu, don kada karatunsu ya yanke duk inda suka je. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, sai aka faɗaɗa shi zuwa ƙasashe da dama. A cikinsa akwai darussan firamare da na sakandare bisa manhajar karatun Najeriya: bidiyo, da bayanin murya, da rubutu, da 'yan tambayoyin gwaji a ƙarshen darasi. Mafi yawa da Turanci ne, amma akwai na Hausa da Yarbanci da Ibo. Rijista kyauta ce. Da na ji tarihinsa sai na ce ashe da mu ake. Yaranmu ba gudun hijira suka yi ba, alhamdulillahi, amma karatunsu yana yankewa duk shekara a lokaci guda.

Ranar farko kunya na sha. Na shiga aji da wayata, na yi wa yara dogon bayani cewa yau za su ga abin da ba su taɓa gani ba, na danna, sai wata 'yar ƙawanya ta kama juyi a kan allon waya. Ta yi ta juyi. Na fita tsakar makaranta ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, sabis bai zo ba. Da ya zo kuma, yara sun haura sittin, allon bai kai tafin hannu ba, na gaba suka danne, na baya suka hau benci, benci ɗaya ya karye. Muka ci minti arba'in ba mu koyi komai ba. Wani dattijon malami da ya leƙo ya ce mini, "Ɗana, alli bai taɓa neman sabis ba." Dariya na yi, amma maganar ta zauna mini.

Kuskurena shi ne na ɗauka dandalin zai yi mini darasi. Daga baya na gane cewa aikin na daren jiya ne, ba na cikin aji ba. Yanzu abin da nake yi, da dare, lokacin da sabis ya fi ƙarfi, nakan buɗe darasin da ya dace da abin da ke cikin jadawalina na wannan mako, in kalle shi daga farko har ƙarshe, in sauke shi a waya ta yadda ko babu sabis zai buɗe. In rubuta a littafina inda zan tsayar da bidiyo in yi tambaya, da kalmomin Turancin da na san za su yi wa yara nauyi, da yadda zan faɗe su da Hausa. Bidiyon da ya wuce minti biyar ba na nuna shi a zama ɗaya. Na sayi 'yar lasifika mai caji da kuɗina, domin murya ta kai bayan aji. Sannan na raba ajin rukuni-rukuni: rukuni ɗaya yana kallo a gefen tebur, sauran suna aikin da na rubuta a allo, sai a yi musanya. Ba mu da majigi. In da akwai, da abin ya fi sauƙi, amma ban ga dalilin zama jiransa ba.

Akwai darasi guda da ba zan manta ba, shi ne ya tabbatar mini cewa wahalar ba ta banza ba ce. Muna kan matakan rayuwar ƙwari: ƙwai, tsutsa, lokacin da take naɗe kanta ta kwanta, sannan ta fito da fiffike. Shekaru ina zana wannan da'irar a allo, yara suna kwafa, suna haddacewa, suna mantawa bayan jarrabawa. Ranar da suka ga abin yana motsi, tsutsa tana cin ganye tana girma, sai wani yaro da ba ya magana a aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai sharon ce wannan." Ajin ya ɗauka gaba ɗaya. Sharon ita ce tsutsar da masana ke kira Tuta absoluta, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda ba ta daɗe da buɗewa ba, ta dakatar da aiki saboda rashin kaya. Yaran nan ƙanana ne a lokacin, amma babu wanda bai ji labarin a gida ba, kuma tsutsar ba ta daina dawowa ba. Ba ita ce a bidiyon ba, wani ƙwaron ne daban, amma matakan iri ɗaya ne. Daga nan na ajiye wayar. Muka shiga maganar dalilin da ya sa feshi ke kasa kashe ta: tsutsar tana shigewa cikin naman ganye da cikin ɗan tumatir ta yi rami, magani ya wuce ta sama. Muka yi maganar abin da ya sa manomin da ya bar ragowar tsohon tumatir a gona yake kiwon ta ga maƙwabcinsa. Washegari yara uku suka zo da ganye a leda, muka ɗaga shi a rana muka ga hanyoyin da ta haƙa. Bidiyon minti huɗu ne. Abin da ya biyo baya ya ci mana darasi biyu, kuma babu ko ɗaya a cikinsa da ya fito daga intanet.

Haka nake yi a lissafi. In darasin ya ba da misali da kayan kanti na birni, nakan juya shi zuwa buhun taki da yawan kadada, ko kuɗin kwandon tumatir da safe da kuɗinsa da yamma, a fitar da faɗuwar kashi nawa ce cikin ɗari. Yaron da ke cewa shi ba ya gane lissafi, in ka ce masa dillali ya cire la'adarsa, nan take zai gaya maka abin da ya rage wa mai gona. Wanda ya shirya darasin a Abuja bai san wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. Aikina ne.

Sai batun waɗanda tsinkar tumatir ko yankan shinkafa ke hanawa zuwa. A nan ne na fi sa rai, a nan ne kuma sakamakon ya fi rarrabuwa. Na ce duk wanda akwai babbar waya a gidansu ya gaya mini. Kaɗan ne suka ɗaga hannu, kuma wayar ta uba ce ko ta yaya, tana gona ko kasuwa har dare. Sauran gidajen ƙaramar waya ce mai madannai. Na bi wasu gidaje da kaina, na zauna da iyaye a zaure, na yi wa yaro rijista a gabansu, na nuna musu abin da ke ciki. Wani uba ya ce mini, "Malam, ni tsorona kada in ba shi waya don karatu ya ɓige da kallon rawa." Na ce masa, "Baba, tsoronka a kan hanya yake. Ka ba shi bayan sallar isha'i, rabin awa, yana zaune kusa da kai, ka karɓi abarka." Wannan yaron, cikin mako biyun da ya yi bai zo ba, ya bi darussa huɗu da muka yi, ya dawo bai ɓata ba. Wasu kuwa an yi rijistar, ba a sake buɗewa ba. Ba zan ce muku kowa ya amfana ba.

'Yan mata ne abin ya fi ba ni damuwa a kansu. A gidaje da yawa, in waya ɗaya ce, namiji ake ba. Akwai ɗalibata da ta fi kowa ƙoƙari a kimiyya, amma ba ta taɓa riƙe wayar gidansu ba. Abin da na iya yi shi ne na roƙi wata malama abokiyar aikina ta riƙa zama da su lokacin tara, su kalli darasin a wayarta. Ni ba na karɓar lambar ɗaliba, ba na tura mata saƙo, ba na sa yara cikin zauren WhatsApp ba da sanin iyaye ba. Duk abin da zan tura, ta hannun uba ko uwa yake bi. Ina ba kowane malami shawarar ya tsare wannan iyaka, don mutuncin yaran da nasa.

Maganar kuɗi ba ƙarama ba ce. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, kuma kowa ya ji a jikinsa. Akwai yarjejeniya tsakanin Airtel da UNICEF wadda ta ba masu wannan layin damar shiga dandalin ba tare da an ci musu data ba. Duk da haka ka duba ragowar datarka kafin ka shiga da bayan ka fita, domin in ka kauce ka buɗe wani abu a waje, za a cire. Wuta kuwa ba sai na faɗa ba. Wurin mai cajin sola nake kai waya da lasifika, in biya kamar kowa.

Akwai kuma abin da dandalin ba zai gyara ba ko da an raba wa kowa kwamfuta. Ina da yara a aji ɗaya na ƙaramar sakandare da ba sa iya karanta jimla guda ta Hausa, balle Turanci. Irin wannan yaron zai kalli bidiyo ya ji daɗi, ya zo wurin tambayoyin gwaji ya yi ta danne-danne har ya dace. Alamar da ke nuna ya ci ba ta nufin ya gane. Shi ya sa ba na yarda da makin waya sai na sa yaro ya yi mini bayani da bakinsa, ko ya rubuta a littafi. Su waɗannan, kan darussan Hausa na firamare na koma da su, baƙi da wasali, ba tare da na bari 'yan ajin sun mayar da abin abin dariya ba. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Fatana shi ne, a duk abin da za a kawo mana, a fara da karatu da rubutu, da benci, da rage cunkoso, sannan na'ura ta biyo.

To me ya sa na nace? Saboda abin da ke gaban yaran nan. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara gwada hakan a 2024 da masu zana jarrabawa a ƙashin kansu. Na ga ɗaliban da suka san amsa amma hannunsu na rawa a ɗakin jarrabawa a Kano, domin ranar ce ta farko da suka zaɓi amsa a kan allon na'ura. Ɗan Kadawa zai zauna layi ɗaya da ɗan Nasarawa GRA, lokaci ɗaya za a ba su. In yau ya saba karanta tambaya a allon waya ya zaɓa ya wuce ta gaba, an rage masa tsoro ɗaya.

Ni kaina na ƙaru. Akwai batutuwan da rabona da su tun ina kwalejin ilimi, nakan tsallake su da wayo in ce lokaci ya ƙure. Da na zauna na kalli yadda wani ya bayyana su, sai na daina tsallakewa. A dandalin akwai kwasa-kwasan horar da malamai ma, na yi biyu a lokacin hutu.

'Yan'uwana malamai, kada ku fara da aji duka ko manhaja duka. Ku ɗauki batu ɗaya da kuka san yana ba yara wuya kowace shekara, ku sauke shi da dare, ku gwada da rukuni ɗaya. In ya ƙi, ga alli nan a aljihu. Iyaye kuma, musamman na Kura da Bunkure da Garun Mallam, na san ba za a fasa tsinkar tumatir ba. Abin da nake roƙo shi ne, in za ku riƙe yaro a gona, ku aiko a gaya wa malaminsa kwana nawa ne, don ya san darasin da zai wuce shi. Ku ara masa waya rabin awa da dare kuna gani. Kuma in kun ara wa namijin, ku ara wa macen.