Ruwan kifin ɗana yana wari, kifin miya kuma yana lalacewa

Tambaya: Ɗana yana kiwon kifin ado a akwatin gilashi, amma ruwan yakan yi duhu ya soma wari. Ni kuma ɗanyen kifin da nake sayowa kasuwa kan lalace kafin washegari saboda rashin wuta. Me zan yi?

Amsa: Hajiya, yawanci laifin na abinci ne. Yara suna son zuba wa kifi abinci da yawa, abin da ya rage ya ruɓe, ya haɗu da kashin kifin ya zama amoniya, guba ce mai ƙona musu wurin shaƙar iskarsu. Ɗanki ya riƙa ba su abin da za su cinye cikin minti 2 ko 3. Kowane mako ya kwashe rubu'in ruwan ya zuba sabo, kada ya zubar duka lokaci guda. In ruwan famfo ne, a bar shi a bokiti ya kwana saboda sinadarin kulorin. Sabulu kuwa kada ya kusanci akwatin.

Kifin miya, ki duba tun a kasuwa: ido garau, nama da tauri, ba wari. Da isowa gida ki cire hanjin, ki wanke, ki binne shi cikin ƙanƙara. In babu ƙanƙara, ki shafa gishiri ki yi masa banda ran nan. Tarwaɗa kuwa ki saye ta da rai, tana iya kwana a baho da ruwa kaɗan.