Me Ya Sa Hoton Taurarinka Ke Fitowa Baƙi Ƙirin?

Koken masu sha'awar ɗaukar hoton sama da dare kusan iri ɗaya ne. An ɗauke wuta, mutum ya fito tsakar gida ya ga taurari sun cika sama fal, ya ɗaga waya ya danna, sai hoton ya fito baƙi ƙirin, ko kuma ya ga wasu 'yan ɗigo dishi-dishi da ba su da fasali. Daga nan sai ya ɗora wa wayarsa laifi, ya ce wannan harka ta masu kyamarar miliyoyi ce. Gaskiyar magana, yawancin masu wannan koke suna riƙe da kayan aikin da ya ishe su farawa. Abin da suka rasa shi ne sanin yadda za su ba kyamara lokaci ta tara haske.

Tushen matsalar

Da rana, kyamara na buɗe idonta na ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, hasken da ya shiga ya wadatar. Hasken tauraro kuwa kaɗan-kaɗan yake isowa, kamar yayyafi: wanda ya miƙa ƙwarya ya janye nan take ba zai samu ko na kurɓa ba, sai wanda ya ajiye ta ta jima. Saboda haka dole idon kyamara ya zauna a buɗe sakan goma, sha biyar ko ashirin. A shekarar 1880, wani likita Ba'amurke mai suna Henry Draper, wanda kallon taurari sha'awa ce kawai a wurinsa, sai da ya bar kyamararsa a buɗe minti 51 kafin ya samu hoton farko na gajimaren iskar gas da ke cikin taurarin Jauza'u. Yau kyamarar ɗan koyo na nuna wannan gajimare cikin 'yan sakanni.

Barin ido a buɗe yana jawo matsala biyu. Ta farko, hannun mutum ba ya tsayawa cak ko na sakan ɗaya. Ta biyu, duniya kanta juyawa take, digiri 15 a kowace awa, don haka idan ka wuce ƙima sai taurari su zama 'yan layuka maimakon ɗigo. Da yawa daga cikin shawarwarin da ke biye hanyoyi ne na magance waɗannan biyun.

Fara da zaɓen dare da wuri

Babban mai ɓata hoton taurari shi ne wata. A nan lissafin watan Musulunci da muka saba da shi ya fi kowace kalanda amfani: daga 25 ga wata zuwa 3 ko 4 ga wanda ya kama, kusan dukkan daren duhu ne. Daga 10 zuwa 17 kuwa farin wata yana shafe ƙananan taurari, sai ka haƙura da su ka ɗauki watan kansa.

Sai fitilun gari. Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan hasken fitilu a duniya ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farar hanyar taurarin nan da ke ratsa sama daga inda suke zaune, ya kuma sanya Chadi cikin ƙasashen da jama'arsu suka fi kowa samun tsabtataccen duhu. Mazaunin Kano ko Kaduna zai ga bambanci sosai idan ya yi tafiyar kilomita 30 zuwa 50 daga gari, ya kuma juya wa hasken birnin baya. Na ƙauye kuwa bayan gidansa ma ya isa.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Ƙurar hunturu tana dushe taurarin da ke kusa da ƙasa, sai dai ka nufi na tsakiyar sama. Damina tana kawo hadari, amma daren da sama ta washe bayan ruwa ya wanke ƙura, babu kamarsa a duk shekara. Kuma a wannan lokaci ne, daga Yuni zuwa Agusta, wurin da ya fi kauri da haske a farar hanyar ke tsayawa ta kudu da daddare. Daga Kano yakan hau sama har kusan digiri 49, alhali daga Landan da ƙyar yake kai digiri 10. Wannan gata ne da masu ɗaukar hoto na Turai ke biyan kuɗin jirgi don su samu.

Idan waya ce a hannunka

Shiga kyamara ka nemi sashen da aka rubuta Pro, inda za ka saita komai da kanka. Kashe filasha, domin haskenta ba ya wuce 'yan taku. Kada ka jawo hoton kusa, yi amfani da babban idon wayar yadda yake. Sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 1600, lokacin buɗe ido kuma sakan 15, sannan ka ja saitin hangen nesa har ƙarshe, wajen alamar dutse ko ta rashin iyaka.

Idan ba ka da sitan mai ƙafa uku, ninke rawani ko tsumma a kan katanga, goge idon wayar, sa lokacin jira na sakan uku ko biyar, danna, sannan ka kife ta a kan tsumman, bayanta na kallon sama. Janye hannunka, kada ka ko jingina da katangar har ta gama. Idan kana son gefen sama tare da bishiya ko rumbu, cika safa da yashi ka ɗaure bakinta, ka dasa wayar a kai ta kalli inda kake so. Wasu wayoyin suna yin duk wannan da kansu: tun 2019 wayoyin Pixel na da tsarin ɗaukar taurari da ke aiki kusan minti huɗu da zarar sun ji an ajiye su ba motsi.

Idan kyamara ce

Juya ta zuwa M, inda za ka saita komai da kanka. Buɗe ƙofar haske iyakar buɗewarta, f/2.8 idan gilashinka ya kai, ko f/3.5 a gilashin da aka saba sayar da kyamara da shi. ISO tsakanin 1600 da 3200. Tsawon lokaci kuma akwai lissafi mai sauƙi: raba 500 da tsawon gilashinka. Mai milimita 24 zai ba ka kusan sakan 20. A ƙananan kyamarorin Canon da Nikon na masu koyo, sai ka fara ninka tsawon sau ɗaya da rabi: milimita 18 ya zama 27, ka samu sakan 18. Ina ba da shawarar ka tsaya a 15, taurarin sun fi fitowa tsaf.

Inda aka fi faɗuwa shi ne saitin hange. Kyamara ba ta iya saita kanta a duhu, sai ta yi ta kai da kawo. Kashe saitin kai-tsaye, nemi tauraro mai haske, Zara ko Mushtari idan suna sama, ƙara girmansa a allon kyamara har sau goma, sannan ka riƙa murza zoben a hankali. Za ka ga ɗigon ya kumbura, ya tsuke, ya sake kumbura. Koma daidai inda ya fi ƙanƙanta, ka manna ɗan salatif a kan zoben don kada ya goce. Ɗauki hoton a tsarin RAW, domin shi ke riƙe duk hasken da za ka buƙata wajen gyara.

Maganin yashi-yashi

Ko ka yi komai daidai, hoto ɗaya zai fito da ɗan yashi-yashi saboda ISO mai yawa. Kada ka motsa kyamarar, ɗauki hoto 16 a jere, sannan ka rufe gilashin da murfinsa ka ƙara biyar ko goma da saiti ɗaya. Manhajoji na kyauta irin su Sequator da Siril za su jera taurarin su haɗe hotunan wuri guda a kwamfuta. Hoto 16 na rage yashin ninki huɗu, 64 kuma ninki takwas. Hotunan da ke burge ka a intanet kusan duk ta wannan hanya aka yi su.

Wata kuwa akasin taurari yake, tunda hasken rana ne ke dukansa. Shi ya sa yake fitowa farin dunƙule ba zane. Sauko da ISO zuwa 100, ƙofar haske f/11, lokaci kashi ɗaya cikin 125 na sakan. Ramukansa sun fi bayyana daren 7 ko 8 ga wata, a kan iyakar haske da duhu. Mai neman jinjirin wata ya jira rana ta faɗi gaba ɗaya kafin ya nufi yamma da gilashi mai jawowa, domin kallon rana ta cikinsa na makantar da ido.

Kula da kanka

Kada ka fita daji kai kaɗai da dare, kuma kada ka je inda ba a tabbatar da tsaronsa ba. Gaida mai unguwa ko dagaci tun da rana, ka gaya masa abin da ya kawo ka, don kada 'yan sintiri su ga baƙo da na'ura a duhu su yi zargi. Sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji. Rufe tocilarka da jar leda, domin ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuma na rusa wannan nan take. A hunturu kada ka cire gilashin kyamara a fili, ƙura za ta shige ciki.

Kada ka yi gaggawar sayen madubin hangen taurari. Sauke manhajar Stellarium a wayarka, ta nuna maka abin da ke sama a garinku, ka fara da Kaza da 'Ya'yanta a Nuwamba, Jauza'u a Janairu, farar hanya a damina. Riƙa rubuta saitin kowane dare a ɗan littafi. Ranar da ka ga sakan 15 ya yi maka kaɗan, abin da ya kamata kuɗinka ya fara saya shi ne ƙaramar na'urar da ke juya kyamara tana bin taurari, wadda za ta ba ka damar buɗe ido minti ɗaya ko biyu ba tare da layi ya fito ba.