Cikin Fari a Ƙasar Baƙunci

A ƙasar Hausa, tun zamanin kakanni, idan yarinya ta sami cikin fari akan mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, inda uwa za ta lura da kumburin ƙafarta, ta tanadi itacen wankan jego da kunun kanwa. Amma 'yan matan da nake karɓa a ɗakin awo a nan Tamanrasset, waɗanda galibinsu daga Kance da Matamaye na jihar Damagaram suka fito, sun baro wannan gata a bayan Sahara, alhali a shekarunsu ƙugu bai gama buɗewa ba, jijjiga da doguwar naƙuda kuwa sun fi kama irinsu.

Ba kuɗi ne ke hana su zuwa awo da wuri ba, domin tun 1974 Aljeriya ta mai da magani kyauta a asibitocin gwamnati. Tsoro ne, kuma ba zan ce ba shi da dalili ba, tun da daga Disamba 2014 ake kwasar 'yan Nijar a manyan motoci zuwa In Guezzam da Assamaka a bakin iyaka. Sai kuma harshe, da kunyar cikin fari, wadda kan sa yarinya ta ja mayafi ta rufe ciki wata bakwai, idan na tambaye ta watanninsa ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ban ƙirga ba." Sau da yawa kafin ta iso, zoben hannunta ya nutse cikin yatsa, ciwon kai ya hana ta barci, gani ya fara dishewa.

Saboda haka ina kira ga dattijan matanmu na unguwannin Tahaggart da Gaat el Oued: tsayawa a matsayin uwar da ba ta nan, a ganina, farilla ce ta kifaya a kanku. Ku rako ta awo tun watannin farko, tare da wadda ta iya Larabci ko Faransanci, a gwada jininta, a ba ta ƙwayar ƙarin jini da katin asibiti, wanda zai yi mata amfani ko da an mayar da ita Agadas. Mijin ma, wanda sau tari shi kansa yaro ne mai aikin birkila, a zaunar da shi a gaya masa alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu.

Idan ta sauka lafiya, kada hidimar suna ta shagaltar da ku daga rajistar haihuwa; a jihohin kudancin Aljeriya doka ta ba da kwana 20.